Azumin da Baban Ummi Ya Bar Tuwo

Bana azumi ya sake faɗowa cikin damina. Tsofaffi kan ce sai an yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya bari, ga shi Allah ya nuna mini zagayowarsa da idona. Shekaranjiya da la'asar hadari ya taso daga kudu, iska ta kwantar da dawa, ruwa ya sauka har baƙar ƙasar nan ta Jazirar Sudan ta saki ƙamshinta. Muna cikin shirya siniya, babban farantin buɗa-baki, sai jikata Salma, wadda ke karatu a Madani ta zo mana hutu, ta ce kada a zuba mata tuwo. Wai ta karanta a wata mujallar masu motsa jiki cewa abinci mai gari shi ke lalata mutum. Ban yi mata musu ba. Na zuba mata abin da take so, na koma bakin murhu ina dariya ni kaɗai, don na taɓa jin wannan magana daga bakin kakanta.

Lokacin muna zaune a wani kambo yamma da Managil, unguwar Hausawa 'yan ƙwadago a bakin babbar tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Ɗakunanmu na laka ne da jinka. Mu huɗu ne a gida: ni da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ɗiyarmu wadda aka sa wa sunan Inna, shi ya sa kowa ke ce mata Ummi. Ba mu da hawasha, wato gona tamu ta kanmu. Wani dattijo Balarabe na ƙauyen da ke hayin tur'a, Hajji Ɗayyib, shi ya ba mu gefen tasa mu noma dawa da gyaɗa, in an girbe a raba biyu. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ciyawa ta ci gona. Wanda ya bar ciyawa, baɗi wani za a ba.

Maigidana, Baban Ummi, ƙaƙƙarfan mutum ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ɗan kokawa. In an gama girbi samarin kambo-kambo kan haɗu a fili su gwada juna, shi kuwa ya yi shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba. Sai a kakar da ta wuce wani saurayi da ya zo cirar auduga daga wajen Abu Na'ama ya kayar da shi sau biyu a gaban jama'a. Bai yi maganar da kowa ba, amma na san abin ya zauna masa a rai.

A cikin kambonmu shi kaɗai ya yi aji huɗu a makarantar gwamnati. Yana karanta Larabci a hankali, yatsansa na bin layi. Abokinsa Isa, wanda ke kumsari a motar da ke zirga-zirga tsakanin Managil da Madani, yana karɓar kuɗin fasinja, shi ya kawo masa mujallar kafin laka ta rufe hanya. Daga Masar aka bugo ta.

Saura kwana biyu a ga wata, da yamma, yana zaune ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ya kira ni.

"Rakiya, zo ki ga mutum."

Na leƙa. Wani ƙato ne ba riga, jikinsa na sheƙi kamar an shafe shi da man gyaɗa, damatsansa sun yi curi-curi.

Na ce, "Wannan mutum ne, ko hura shi aka yi?"

"Abinci ne," in ji shi. "Ga shi nan sun faɗi duk abin da yake ci da abin da ba ya ci."

Ya shiga karantawa yana fassara mana. Mai son ƙarfi ya bar duk abinci mai gari, tuwo da gurasa da kisra, siririyar wainar dawar nan. Gishiri maƙiyin jiki ne. Kada a cika ciki da ruwa. A sha ɗanyen ƙwai, a sha madara, a ci nama.

Inna na gefe tana tsince dawa a faifai. Ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunansa, Babba take ce masa.

"Babba, to mi za ka ci a gidan ga?"

"Ƙwai da nono, Inna. Da nama in an samu."

"In an samu," ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Ni ma na bar shi da mujallarsa, na koma kan aikina. Wanda bai ga zamanin ba zai ce wauta ce, amma mu a lokacin rubutu iri biyu muka sani, Alƙur'ani da takardar hukuma, kuma ba a yi wa ko ɗaya daga cikinsu gardama. Abin da aka buga da inji, har da hoto, ba mu taɓa zaton mutum ne kamar mu ya zauna ya tsara shi ba.

Shekarar ba ta wadata ba ce. Dawar bara ba ta yi kyau ba, kafin ruwa ya zauna rumbu ya kusa ƙasa. Inna ke awon hatsi, da wata 'yar ƙwarya tata, ta shafe bakinta da tafin hannu don kada ya yi tozo. Muna da kaji biyar da zakara, da akuya ɗaya mai ɗan nono. Ƙwan kajin nan ba ma ci. Wasu a bar wa kaza ta kwanta a kai, sauran in kai kanti a musanya mini da gishiri da sukari da ganyen shayi. Nonon akuya kuwa na kunun Ummi ne, don na yaye ta da wuri, ina da ciki wata biyar. Tun da aka yaye ta ba ta sake cika ba. Ƙafafunta sun sirance, cikinta ya turo, gashinta ya fara yin ja-ja. Muka ce kewar nono ce, za ta wuce.

Aka ga wata. Kullum bayan sallar asuba mu uku mu ɗauki fartanya mu nufi gona, Ummi a bayana. Lakar Jazira ba a tafiya cikinta da takalmi. Tana kama ƙafa, kowane taki sai ka ɗago da nauyi kamar an ɗaura maka dutse. Da sassafe akwai sanyin raɓa, aiki na tafiya. Da hantsi ya ɗaga sai ƙasa ta fara tururi, zafi ya taso daga ƙasa ya haɗu da na sama, iska ta tsaya cik. Zufa ta jiƙe zane, in ta bushe ka ga farin gishiri ya zana a jikin tufa. Ga ruwa na gudu a ƙaramar tur'a kusa da ƙafarka, ba halin sha. Mukan tsoma mayafi mu ɗora a ka. Ciyawar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda Larabawa ke kira si'ida, mai saiwa kamar aya. Ka sare ta yau, in aka yi ruwa jibi ta fito tana kallonka.

Kafin azahar mu dawo. Maza su kwanta a inuwa, mu mata mu fara namu. In ɗebo ruwa a tur'a, ja kamar kunun kanwa, in zuba a randa ya kwanta. In durƙusa a dutsen niƙa. Inna ta bi gefen gona ta tsinko tafasa da lalo, su ne suka riƙe mana miya a watan. Itace ya jiƙe, sai busasshen kashin shanu da muka tara tun bazara, hayaƙi ya cika ɗaki ido na hawaye. Yanzu 'ya'yana na murɗa gas, su aika a sayo ƙanƙara, injin niƙa na bakin titi. A lokacin sanyin ruwanmu shi ne na randa, da ɗan abre da muke jiƙawa a ciki, wannan ɓawon kisra mai tsami, siriri kamar takarda.

In rana ta kusa faɗuwa, kowane magidanci ya ɗauki siniyarsa ya fita. A kan hanya ake shimfiɗa tabarmi, kamar yadda ake yi ko'ina a Sudan, don baƙo mai wucewa ya samu. Mu mata muna jin hirarsu ta bayan danga. Daren farko na ji muryar Baba Shehu, dattijon da ke shugabantar kambonmu.

"Kai, sa hannu mana. Tuwon ga na hucewa."

"Na bar tuwo, Baba."

"Ka bar tuwo. Rantsuwa ka yi, ko ciwo na?"

Baban Ummi ya yi musu bayani, har ya zaro mujallar daga aljihu aka zagaya da ita. Wasu suka yi dariya, wasu suka daɗe suna kallon hoton. Shi kuwa ya ci dabino uku, ya fasa ƙwai ya kwankwaɗe, ya kurɓi ruwa kaɗan. Miya ma ya ce a riƙa raba masa tasa kafin a sa gishiri.

Duk ƙwan da kaji suka saka, nasa ne. Nonon akuya aka raba biyu, rabi na sahur ɗinsa, ni kuma in ƙara wa kunun Ummi ruwa don ya cika kofi. Tun da ba ƙwan kai wa kanti, sukari ya ƙare, muka koma shan shayi da dabino a baki. Nama sau ɗaya muka gani, ranar da maƙwabta suka yanka ɗan akuyar da ya karye.

Satin farko cewa yake jikinsa ya yi sakayau. Yakan naɗe hannun riga ya dubi damtsensa. A sati na biyu na fara lura a gona kunyar da yake nomewa na baya. Mutumin da kan gama layi biyu kafin in gama ɗaya, sai ga ni da ciki ina wuce shi, har Inna da tsufanta ta wuce shi. Yakan tsaya ya dafa fartanya, ya murza sha-raɓarsa, ya ce jijiya ce ta ɗaure.

Wata rana muna niƙa na ce wa Inna, "Inna, ko in riƙa sa masa gishiri a ɓoye?"

Ta girgiza kai. "Kada ki fara ciyar da miji da ɓoyo, ɗiyata. Ki gaya mai a fili."

Na gaya masa. Na ce ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ce haka aka rubuta, sai kitse ya narke tukuna nama ya fito. Na ce ban taɓa ganin kitse a jikinsa ba. Ya ce, "Rakiya, waɗanda suka rubuta wannan likitoci ne. Ke kin fi su sani?" Ni kuwa ban san ko harafi ɗaya ba. Amma raina ya ɓaci, kuma da yammar nan ina dama kunun Ummi mai ruwa-ruwa na ji haushinsa irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai aka yi kwana uku ana ruwa ba a shiga gona ba. Da aka ɗauke, ciyawa ta yi kan gyaɗa, ba ka rarrabe shuka da haki sai ka sunkuya. Hajji Ɗayyib ya zo a kan jakinsa ya tsaya bakin gona. Mutum ne mai sanyin magana. Ya gaishe mu, ya kira Baban Ummi da sunansa, ya ce masa da Larabci, "Ciyawarka tun daga hanya take yi mini sallama." Ya juya jakinsa ya tafi. Duk mun gane.

Washegari, ranar sha shida ga azumi, Baban Ummi ya ce ba zai tashi ba sai ya gama gefen gabas. Azahar ta kusa, rana ta take, ni da Inna mun koma inuwar wata ƙaya. Ina kallonsa ya ɗaga fartanya, bai sauke ta ba, ya yi tangaɗi, ya kife a cikin kunya. Kafin in isa wurinsa ƙafafunsa sun sandare, yatsun hannunsa sun lanƙwashe, leɓensa ya yi fari. Jikinsa zafi kamar tukunya, kuma ba ɗigon zufa. Na kira shi bai amsa ba. Inna ta cire mayafinta ta tsoma a ruwa tana matsa masa a fuska, ta ce mini, "Ki gudu ki kira maza." Ban san yadda na yi gudun nan da ciki da goyo ba.

Mota ba ta shigowa a damina. Maza huɗu suka ɗora shi a kan gadon igiya suka saɓa, suna nutsewa cikin laka har ƙwauri, su ma da azumi a bakinsu. Ni da Inna da Baba Shehu muna biye, muka tsallaka gada zuwa ƙauyen Larabawa inda shafahana take, ɗakin shan magani mai ɗaki biyu. Hakim ɗin da ke wurin, wato malamin asibitin, mutumin Rufa'a ne, gajere mai tabarau, ya ɗan iya Hausa saboda yawan mu'amala da mu. Ya taɓa shi, ya ja fatar hannunsa ya saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Nan take ya dama ruwa da gishiri da sukari, ya matsa lemun tsami. Baban Ummi ya farfaɗo kaɗan, ya kau da kai, ya ce yana azumi.

Baba Shehu ya sunkuya kansa. "Sha. Allah bai ce ka kashe kanka ba. Ka rama bayan Salla."

Ya sha, cokali-cokali, hakim na tsaye a kansa. Sai wajen la'asar ƙafafunsa suka saki. Hakim ya tambaye ni abin da yake ci, na faɗa masa duka. Da za a cire masa riga mujallar ta faɗo daga aljihu. Hakim ya ɗauka, ya gyara tabarau, ya karanta shafin har ƙarshe. Sannan ya zauna a bakin gadon.

"Ya zol, bawan Allah, ka san wa aka rubuta wa wannan? Mutumin birni, mai zama a ofis ƙarƙashin fanka, wanda da yamma zai je ya ɗaga ƙarfe sa'a ɗaya ya yi wanka. Kai tun asuba kake ɗaga fartanya cikin rana, da azumi. Gishirin da ke fita daga jikinka a rana ɗaya, shi ba ya zubar da shi a wata. Tuwon da ka bari shi ne man injinka."

"Ai likita ne ya rubuta," in ji Baban Ummi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Hakim ya buɗe masa shafin da ke kusa. "Ka karanta nan?"

"Baƙaƙen ƙanana ne, na tsallake."

"Talla ce. Garin ƙarfi ne a gwangwani suke sayarwa. Dubi wanda ke riƙe da gwangwanin."

Na leƙa ni ma. Ƙaton nan ne mai sheƙi, yana murmushi.

Ina tsaye a wurin Ummi ta yi ɗan kuka a bayana. Hakim ya waiwaya, ya ce in sauke ta. Ya ja fatar idonta ya duba, ya shafa gashinta, ya danna bayan ƙafarta da babban yatsa. Wurin ya lotsa, ya daɗe bai taso ba. Fuskarsa ta sauya.

"Uban zai tashi nan da kwana uku. Wannan ce ke ba ni tsoro. Me take ci?"

Na ce kunu.

"Daga yau kullum ƙwai ɗaya, dafaffe. Nonon akuya duka nata, kada a sa ruwa. Ki daka gyaɗa ki zuba a kunun. Ke ma mai ciki, in ƙwan ya kai, ki ci."

Inna ta gyara tsayuwa. "Hakim, a wurinmu ba a ba yaro ƙwai. Ɓarawo yake zama. Mai ciki ma ba ta ci. Haka munka taras."

"Ya Hajja, ɗiyata tun tana rarrafe take cin ƙwai, har yau ba a kawo mini ƙararta ba." Ya ɗaga mujallar. "Wannan takarda ba ta yi ƙarya a kan ƙwai ba, abinci ne mai gina jiki. Bakin da ya fi bukatarsa ne bai samu ba."

Ba wanda ya dubi Baban Ummi. Shi kuwa ya juya fuskarsa wajen bango.

Washegari da hantsi, bayan an dawo da shi gida, na kai masa kunu. Ya karɓa ya riƙe kofin bai sha ba. Ummi na zaune a tabarma tana wasa da murfin kwano.

"Rakiya, nonon da nake sha, nata ne."

"Nata ne."

"Kin sani, ba ki faɗa ba."

"Na faɗi wanda ya fi wannan sauƙi, ka ce ban fi likita sani ba."

Ya daɗe yana kallon yarinyar. Sai ya ce, "Ki yafe mini." Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba. Na ce Allah ya yafe mana duka, ya sha kununsa kafin ya huce.

Ƙwan farko da na dafa wa Ummi, Inna ta tashi ta bar wurin. "Ki ba ta, ni ban gani ba," ta ce. Yarinyar ta tofar da shi, sai da na murmushe gwaiduwar a cikin kunu. Haka muka yi ta yi. Bayan kamar kwana goma na dawo daga tur'a na tarar da Inna zaune a bayan ɗaki, Ummi a cinyarta, tana ɓare ƙwai tana sa mata a baki ɗan kaɗan-kaɗan. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Ke ba ki iya ba ta ba, shi ya sa take tofarwa." Na wuce da tuluna.

Saura gona. Baban Ummi ko tsayuwa ba ya yi sai ya dafa bango, ciyawa kuwa ba ta jira. Ni da Inna muka yi kwana biyu muna fama, ba mu ci ko kashi ɗaya cikin goma ba. A tabarmar buɗa-baki Baba Shehu ya ce gobe akwai gayya a gonar Baban Ummi, bai roƙi kowa ba, ya faɗa ne kawai kamar mai faɗin lokacin salla. Kowa na da tasa ciyawar, kowa na da azumi. Amma da gari ya waye na fito na ga mutane a bakin tur'a, maza da mata, kowa da fartanya a kafaɗa. Suka jera daga wannan gefe zuwa wancan. Ba ganga, ba waƙa, saboda watan da ake ciki, sai ƙarar fartanya a laka da salati jefi-jefi. Safiya biyu suka share gonar tas, gyaɗa ta fito kore shar, dawa ta sami iska.

Gayya da abinci aka san ta, mu kuwa rumbunmu ya kusa ƙarewa. Inna ta sa aka yanka zakara. Muna tunanin yadda zai ishi mutane sai ga jakin Hajji Ɗayyib, ɗansa babba na janye da shi, an ɗoro ɗan buhun dawa da ƙullin dabino. Ya aiko a ce ya ga gonar, kuma yana gaida mai jiki. Ranar muka yi niƙa mu mata shida. Da rana ta faɗi kowane gida ya fito da siniyarsa kamar kullum, aka haɗa da tamu. Baban Ummi ya fita yana dogara sanda. Na leƙa ta kafar danga. Ba wanda ya yi masa ba'a. Baba Shehu ya tura akushin tuwo gabansa yana ci gaba da hirarsa da wani, shi kuma ya yi bisimilla ya sa hannu. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe yatsu.

Kafin Salla ya koma gona, kuma duk wanda ya zo mana gayya sai da ya je ya yi masa safiya ɗaya a tasa. Ranar idi Ummi ta tashi da kanta ta bi kaji da gudu har ta faɗi, ta miƙe ta sake bin su. Kumburin ƙafarta ya saɓe. Gashin ne ya ɗauki lokaci, sai wajen kaka sabon ya fito baƙi daga tushe.

Da hanya ta bushe mota ta fara shigowa, Isa ya zo gaisuwa, ya kawo sabuwar fitowar mujallar, don bai ji abin da ya faru ba. Ana zaune ƙarƙashin dalbejiya, Baba Shehu ma na nan. Baban Ummi ya karɓa ya buɗe, yatsansa na bin layi, sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi.

"Mi sunka ce kuma?" in ji Inna.

"Sun ce mai aikin ƙarfi ya yawaita gurasa da shinkafa, kada ya yi wasa da gishiri, ya sha ruwa da yawa."

Baba Shehu ya ce, "Wani ya rubuta wanga, ko mai na farko?"

Ya duba ƙasan shafin. "Shi ne dai."

"To, Allah shi ƙara mai sani. Ya kusa kamo Inna."

Aka yi dariya, har Isa da bai san kan zancen ba. Baban Ummi ya haɗa tsohuwar da sabuwar ya miƙo mini, ya ce in hura wuta da su. Na karɓa na riƙe.

Na ce, "Ba zan ƙona ba. Koya mini za ka yi."

"Me?"

"Karatu. Manyan baƙaƙen da ƙananan duka."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Daga ranar, kullum bayan la'asar, in na sauke tukunya, mu zauna a bakin ƙofa da mujallar. Haruffan kanun manya ne, sun yi daidai da mai koyo. Ya nuna mini, in zana da tsinke a ƙasa. Ba malamin kirki ba ne, yana da saurin ƙosawa, ni ma ina da saurin fushi, sau da yawa Inna ce ke raba mu. Matan kambo suka yi ta yi mini tsiya, daga baya biyu daga cikinsu suka fara zuwa da tsinkensu.

Dawa ta yi kyau a shekarar, gyaɗa ma haka. Muka raba da Hajji Ɗayyib, rumbu ya cika, ya ce baɗi ma mu ne. Kokawa kuwa an yi, Baban Ummi ya kayar da wani, wani ya kayar da shi, ya dawo gida ya karkaɗe jiki ya nemi abinci. Lokacin cirar auduga na haifi namiji, lafiyayye.

Bayan arba'in jaririn ya yi tari, muka kai shi shafahana ni da ubansa. Hakim ya duba shi, ya ɗauko kwalbar magani, ya rubuta a 'yar takarda ya manna, ya miƙa wa Baban Ummi zai yi masa bayani. Na sa hannu na karɓa. Na kai ta kusa da idona, na bi da yatsa, na karanta a hankali, kalma-kalma, cewa rabin ƙaramin cokali, sau uku a rana, bayan ya sha nono.

Hakim ya sauke tabarau ya dube ni. "Wa ya koya miki?"

Na nuna Baban Ummi da haɓa.

"A wane littafi?"

Baban Ummi ya sosa ƙeya. "Ka san shi, hakim."

Hakim ya yi dariya har ya dafa tebur. Sannan ya ɗauko wata kwalba ta ƙarin jini da ya ce tawa ce, ya rubuta, ya manna, ya miƙo mini kai tsaye bai yi bayani ba.